Zato Kafin Gwaji: 'Yan Asalin Kanada da Wariya a Gadon Asibiti

 Yau tafiyarmu mai nisa ce. Za mu ƙetare teku zuwa Kanada, ƙasar da ake kwatance da ita wajen asibitoci, inda ɗan ƙasa ke ganin likita, a kwantar da shi, a yi masa tiyata, bai ciro ko sisi daga aljihunsa ba. A wannan ƙasa ce wata mata ta yi ta kururuwar neman agaji a kan gadon asibiti, waɗanda aka ɗauka aiki don su agaje ta suna tsaye a kanta suna zaginta, ba a jima ba kuma rai ya yi halinsa.

Sunanta Joyce Echaquan. Shekarunta 37, 'ya'yanta bakwai. 'Yar ƙabilar Atikamekw ce, daga wani gari da ake kira Manawan, can cikin daji a lardin Kebek, arewa da birnin Montiriyal. Ranar 26 ga Satumba 2020 ciwon ciki mai tsanani ya kama ta, aka ɗauke ta zuwa asibitin garin Joliette, tafiyar kusan kilomita 200 daga gida. Dama tana da ciwon zuciya, kuma asibitin ya san da haka, domin ba ranar ta fara zuwa ba.

Bayan kwana biyu, da safiyar 28 ga wata, jikin ya rikice. Sai ta ɗauki wayarta ta kunna Facebook, ta fara nuna wa duniya kai tsaye halin da take ciki. Bidiyon na kimanin minti bakwai ne. A ciki ana jin ta tana kira da harshen Atikamekw, tana cewa a zo a ɗauke ta. Ana kuma jin muryoyin mata biyu, nas da mataimakiyarta, suna magana da Faransanci. Ana ce mata daƙiƙiya. Ana ce mata ita ta jawo wa kanta da irin rayuwar da ta zaɓa. Ana tambayar ta wa take tsammani ke biyan kuɗin jinyarta. Akwai wata kalmar da ta fi waɗannan muni, wadda ba ta faɗuwa a gidan rediyo, kuma ba zan faɗe ta ba. An kuma yi mata allurar kwantar da hankali, aka ɗaure mata hannuwa da ƙafafu a jikin gado, aka bar ta ba mai lura da ita yadda ya kamata. Kafin a farga a kai ta ɗakin ceton rai, lokaci ya ƙure.

Kafin mu ci gaba, bari in ɗan gabatar da mutanen da muke magana a kansu, don kada wani ya ɗauka baƙin haure ne. Su ne masu ƙasar tun fil'azal, tun kafin Bature ya san akwai wata nahiya a can. Ƙidayar 2021 ta nuna sun kai miliyan 1.8, wato kashi 5 cikin 100 na mutanen Kanada. Rukuni uku ne: waɗanda ake kira al'ummomin farko, irin su Cree da Anishinaabe da Atikamekw, sai Inuit, mazauna can ƙuryar arewa mai ƙanƙara, sai Métis, waɗanda asalinsu ya haɗa 'yan ƙasa da Turawan farko. Harsunansu sun haura 70.

To, mu koma kan Joyce. An sallami nas ɗin da mataimakiyar daga aiki cikin 'yan kwanaki, mutane suka yi zanga-zanga a birane. Amma abin da nake so mu tsaya a kai shi ne abin da bincike ya tono daga baya, domin zagin da duniya ta ji ba shi ne ya kashe ta ba. Jami'ar binciken musabbabin mutuwa, Géhane Kamel, ta zauna makonni tana sauraron shaidu a 2021, ta fitar da rahotonta a watan Oktoba. Ta gano cewa ruwa ne ya taru a huhun Joyce, abin da ke da nasaba da ciwon zuciyarta. Ta kuma gano cewa tun da wuri aka liƙa mata tambarin 'yar ƙwaya. Aka ce wannan fizge-fizgen da take yi da wannan ihun, ai ƙwaya ce ta sake ta take nema. Babu hujjar da ta tabbatar da haka. Amma da zarar an yanke wannan hukunci, sai komai ya bi bayansa. Kukanta ya zama fitina, ba alamar ciwo ba. Ɗaure ta ya zama magani. Aka bar ta a hannun wata sabuwar ɗalibar nas da ba ta daɗe da fara aiki ba, wadda ita ma marasa lafiya sun yi mata yawa. Asibitin yana da ma'aikaciya 'yar Atikamekw da aka ɗauka musamman don ta zama tsani tsakanin marasa lafiya da ma'aikata, amma ba wanda ya ga dalilin kiran ta. Da 'yan jarida suka tambayi Kamel ko Joyce za ta rayu da a ce Baturiya ce, ta amsa cewa a ganinta, e, da ta rayu.

Mai sauraro, ka riƙe wannan a ranka, domin shi ne ƙashin bayan shirinmu na yau: zato ya riga gwaji. An yanke hukunci a kan mutum tun daga ganin fuskarsa da jin sunan garinsu, kafin a ɗora masa abin awo a ƙirji.

Shekara 12 kafin mutuwar Joyce, a birnin Winifeg na lardin Manitoba, an yi wani lamarin da ya fi wannan shiru, kuma a wurina shirun nan nasa ya fi tayar da hankali. Brian Sinclair mutum ne mai shekara 45, ɗan asalin ƙasa, an yanke masa ƙafafu biyu bayan sanyi ya cinye su, yana yawo a keken guragu. Ranar 19 ga Satumba 2008 ya je wani ƙaramin asibitin unguwa, likita ya duba shi ya ga robar fitsarinsa ta toshe. Ya rubuta masa takarda, aka sa shi a tasi zuwa sashen gaggawa na babban asibitin birnin. Ya isa, ya yi magana da ma'aikacin da ke bakin ƙofa, ya tura kekensa zuwa ɗakin jira. Sunansa bai taɓa shiga jerin masu jiran likita ba.

Ya zauna a wurin awa 34. A cikin wannan lokaci marasa lafiya kimanin 150 suka zo aka karɓe su. Ya yi amai a jikinsa, aka zo aka goge ƙasa, aka ajiye masa kwano, ba a tambaye shi me ke damunsa ba. 'Yan rakiyar wasu marasa lafiya suka yi ta jawo hankalin masu gadi cewa mutumin can fa ba lafiya. Daga baya, a gaban alƙali, ma'aikata suka faɗi abin da suka zata. Wani ya ɗauka maye ne yake barcinsa. Wani ya ɗauka marar gida ne ya shigo neman ɗumi. Wani ya ɗauka an riga an sallame shi yana jiran mota. Lokacin da aka je aka taɓa shi, da asubahin 21 ga wata, gawarsa har ta sandare. Takardar likitan tana aljihunsa. Ciwon mafitsara ne ya bazu a jikinsa, abin da canja roba da maganin kashe ƙwayoyin cuta za su iya warwarewa.

Babu wanda ya zagi Brian Sinclair, jama'a. Babu wanda ya ɗaga masa murya. Kallon sa kawai aka yi ta yi ana wucewa, kowa da amsar da ya riga ya shirya a ransa game da irin waɗannan mutane. Binciken da alƙalin ya jagoranta ya fitar da shawarwari 63 a 2014, mafi yawansu a kan tsarin karɓar marasa lafiya da cunkoso. Danginsa suka janye daga zaman tun kafin a kammala, saboda sun ga ana kauce wa ainihin tambayar: me ya sa shi ne ba a gani ba? Sai a 2017 wasu likitoci da malaman jami'a suka haɗu suka fitar da nasu rahoton a kan wariyar da ke cikin lamarin.

Wani zai ce mutum biyu ne a ƙasa mai mutum miliyan 40, kuskure kuma ba inda ba a yi. Wannan magana tana da amsa. A 2020 gwamnatin lardin Biritish Kolombiya ta naɗa tsohuwar alƙaliya Mary Ellen Turpel-Lafond ta binciki wani zargi, cewa a wasu sassan gaggawa ma'aikata na wasan cankar yawan giyar da ke jinin marasa lafiya 'yan asali. Ba ta sami hujjar cewa ana wannan wasa a tsare ba. Abin da ta samu ya fi shi girma. Kusan mutum 9,000 suka ba da bayani. Cikin 'yan asalin da suka amsa tambayoyi, kashi 84 cikin 100 sun ce sun taɓa fuskantar wani nau'in wariya a wurin neman magani. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatan lafiya da aka tambaya sun ce sun gani da idonsu. Zatukan kuwa su ne dai na kullum: mashayi ne, ƙwaya yake nema, ba ya bin umarnin likita, uwar banza ce, kyauta suke ci.

Ku duba yadda abin ke zagayawa. Matar da aka wulaƙanta a haihuwar fari ba za ta yi ɗokin zuwa awo a ciki na biyu ba. Dattijon da aka ce masa giya ce ke damunsa alhali ko kusa da ita bai taɓa zuwa ba, zai danne ciwon ƙirjinsa a gida har sai ya faɗi. In an kawo shi a ƙurarren lokaci kuma sai a ce, kun gani ko, ba sa zuwa da wuri, ba su damu da lafiyarsu ba. Sakamakon wariyar ya koma ya zama hujjar wariyar.

Wannan tsoro na asibiti ba jiya ya fara ba, kuma wanda bai san tarihinsa ba zai ɗauka taurin kai ne. Sama da shekara 100 gwamnatin Kanada da coci-coci suna ƙwace 'ya'yan 'yan asali daga iyayensu, suna kai su makarantun kwana don a raba su da harshensu da al'adarsu. Yara kimanin 150,000 suka bi ta cikinsu, na ƙarshe kuma sai a shekarun 1990 aka rufe su. Tun 1907 wani likitan gwamnati, Peter Bryce, ya rubuta cewa tarin fuka na kashe yaran birjik saboda cunkoso da rashin iska, aka yi watsi da rahotonsa. A shekarun 1940 zuwa farkon 1950 an yi gwaje-gwajen abinci a kan yara masu fama da yunwa a wasu makarantun, ba da sanin iyayensu ba. An gina asibitoci na dabam don 'yan asali kaɗai, masu ƙarancin kuɗi da ma'aikata. A shekarun 1950 da 1960 jirgin ruwa kan bi garuruwan Inuit yana kwashe masu tarin fuka zuwa kudu, wani lokaci ba a ba uwa damar sallama da 'ya'yanta ba. Da yawa sun mutu a can, aka binne su ba tare da an gaya wa danginsu inda kabarin yake ba. Sai a 2019 Firaminista Justin Trudeau ya je garin Iqaluit ya nemi gafara a kan wannan. Sannan ga batun ɗaure wa mata mahaifa ba da yardarsu ba, wanda ba tsohon labari ba ne: a 2017 wani bincike a birnin Saskatoon ya kawo bayanan matan da aka matsa wa su sa hannu suna tsakiyar naƙuda.

Saboda haka in tsohuwa 'yar Cree ta shiga asibiti tana ɗari-ɗari, ba ita kaɗai ta shigo ba. Ta shigo da abin da aka yi wa mahaifiyarta da abin da aka yi wa ƙaninta.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan wariyar da 'yan asalin ƙasa ke fuskanta a asibitoci, musamman a Kanada. Yanzu za mu juya ga maganin da aka kawo, wanda ake kira amincin al'ada a wurin jinya.

Ba a Kanada aka haifi wannan tunani ba. Daga Niyu Zilan ya fito, daga wata nas 'yar ƙabilar Maori mai suna Irihapeti Ramsden, a ƙarshen shekarun 1980. A makarantun koyon aikin jinya ana koyar da yadda za a kare marar lafiya daga kuskuren magani, daga ƙwayoyin cuta, daga faɗuwa daga gado. Ramsden da ɗalibanta Maori suka ce akwai haɗari guda da aka manta: a kare shi daga ƙasƙanci, daga a raina shi saboda ko shi wane ne. A 1992 hukumar kula da aikin jinya ta ƙasar ta sa wannan darasi cikin abin da dole ɗalibin nas da ungozoma ya sani kafin a ba shi lasisi. An yi ta cece-kuce a jaridu, wasu na cewa an shigo da siyasa cikin aikin asibiti. Ta tsaya a kan bakanta har ta rasu a 2003.

Abin da ta kawo ya ginu a kan abubuwa biyu, kuma dukansu suna da nauyi a kan ma'aikaci.

Na farko, ba marar lafiya ake nazari ba, ma'aikacin ne yake nazarin kansa. Kafin ita, in an ce a kula da al'ada, abin da ake nufi shi ne a ba nas ɗan littafi: mutanen kaza ba sa kallon idon babba, mutanen kaza ba sa cin abu kaza. Ramsden ta ga cewa wannan ilimi kaɗai yana iya zama sabon tarko, domin wanda ya haddace jerin ɗabi'un wata ƙabila ya sake samun wata amsar da zai shirya kafin ya saurari mutumin da ke gabansa. Tambayar da take so nas ta yi wa kanta ita ce: ni me na taso ina ji a gidanmu game da mutanen nan? Da wannan mutumin ya shigo, me ya fara zuwa raina, kuma daga ina na samo shi? Sannan ta tuna cewa iko yana hannunta. Ita ke da allura, ita ke da alƙalamin da ke rubuta abin da likita na gaba zai karanta ya gaskata, ita ke iya kiran mai gadi.

Na biyu, kuma nan ne mutane da yawa ke turjewa: ba asibiti ne zai ce jinyar ta yi aminci ba, marar lafiya ne da danginsa za su faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Asibiti na iya manna hotunan gargajiya a bango, ya tura ma'aikata kwas, ya buga takardar yabon kansa. In dai matar Manawan har yanzu tana kunna wayarta kafin nas ta shigo don tana tsoron abin da za a yi mata, to ba a yi komai ba tukuna.

Na san abin da wani ma'aikacin lafiya da ke sauraronmu zai ce, kuma da zuciya ɗaya zai faɗa: ni ba na bambanta kowa, duk wanda ya zo daidai nake ɗaukarsa. Niyya ce mai kyau, ba na raina ta. Amma a duba. In aka yi wa kowa bayanin tiyata da Faransanci, an yi wa kowa daidai, sai dai wanda ba ya jin Faransanci sosai ya sa hannu a kan abin da bai fahimta ba. In aka ce kowa ya dawo bayan kwana uku a duba ɗinki, an faɗa wa kowa daidai, amma wani tafiyar minti goma ce gare shi, wani kuwa sai ya yi sa'o'i a kan hanyar da ba kwalta, wani ma sai da jirgin sama. Ramsden ta ce maimakon a yi jinyar mutum ba tare da la'akari da asalinsa ba, a yi jinyarsa ana sane da duk abin da ya sa shi ya zama shi. Kuma ma'aikatan da suka wuce Brian Sinclair awa 34, da an tambaye su a ranar, kusan dukansu za su rantse ba sa bambanta kowa.

To a aikace yaya abin yake? Wani ɓangaren ƙanana ne da ba sa cin kuɗi. A tambayi mutum da wane harshe ya fi sakewa, a kira tafinta na gaskiya, kada a sa ɗan shekara goma ya fassara wa kakarsa cewa tana da ciwon daji. A bar dangi su shigo, domin a wurin yawancin al'ummomin nan ba a jinya ko mutuwa a kaɗaice. A ba da wuri don addu'o'insu da turaren ganyayen da suke ƙonawa. A tambayi wane maganin gargajiya mutum ke sha, tambaya ta neman sani don kada ya yi karo da na asibiti, ba ta izgili ba. In an ga mutum yana tangaɗi ko harshensa na sarƙewa, a auna sukarinsa, a duba ko shanyewar ɓarin jiki ce, kafin a ambaci giya. A kuma buɗe hanyar kai ƙara wadda mai ƙarar zai yarda da ita.

Wani ɓangaren kuma babba ne, domin ya shafi wa ke riƙe da ragama. Misalin da ya fi burge ni daga ƙasar Inuit yake, a arewacin Kebek. Shekaru da dama, in cikin mace ya kai wata takwas sai a sa ta a jirgin sama a kai ta kudu, ta yi makonni ita kaɗai cikin baƙi, ta haihu a hannun waɗanda ba sa jin harshenta, ta bar miji da ƙananan yara a gida. Matan suka ce ya isa. A 1986 aka buɗe ɗakin haihuwa a garin Puvirnituq, inda ake horar da matan Inuit su zama ungozomomi a garinsu, da harshensu, suna haɗa ilimin zamani da na iyayensu. Daga baya aka buɗe irinsa a Inukjuak da Salluit. Yau mafi yawan matan garuruwan nan a yankinsu suke haihuwa, masu haɗari ne kawai ake turawa kudu, kuma masana daga ƙasashe suna zuwa koyon yadda aka yi. A Biritish Kolombiya ma, tun 2013 al'ummomin farko suka karɓi ragamar shirye-shiryen lafiyar da gwamnatin tarayya ke gudanar musu, suka kafa hukumarsu. A Ostireliya kuwa tun 1971 'yan asalin can suka buɗe asibitin kansu a unguwar Redfern ta birnin Sidni, saboda irin wannan dalili.

Wannan batu ya shafi wasu daga cikinmu kai tsaye. 'Ya'yanmu da ƙannenmu likitoci da nas-nas suna tafiya aiki Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan, kuma sau da yawa garuruwan nesa, inda ake ƙarancin ma'aikata, can ne 'yan asali suka fi yawa. A Ostireliya amincin al'ada yana cikin ƙa'idojin aikin nas da ungozoma tun 2018, a Biritish Kolombiya kuma hukumomin likitoci da na nas-nas sun mayar da shi ƙa'idar aiki a 2022. Ɗan'uwa, in ka je, kada ka ce ai ni ma baƙar fata ne, wariya ba ta shafe ni ba. Sabon zuwa yakan ɗauki zatukan da ya tarar a ɗakin shan shayin ma'aikata cikin mako biyu, tun bai san sunan ƙabilar da yake yi wa aiki ba. Mu da ke gida kuma, tarihinmu dabam ne da nasu, ba zan haɗa su ba. Amma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake amsa wa mutumin ƙauye da ba ya jin Turanci ko Faransanci a bakin tagar karɓar kati, ya san tambayoyin Ramsden ba su yi mana nisa ba.

Saura magana guda, wadda har yau ake ja-in-ja a kanta a Kebek. Wata biyu bayan rasuwar Joyce, shugabannin Atikamekw suka rubuta wata takarda da suka sa wa suna Ƙa'idar Joyce. Abin da ta nema a fili yake: kowane ɗan asali ya sami kulawar lafiya daidai da kowa ba tare da wariya ba, a kuma girmama iliminsu na gargajiya game da lafiya. Gwamnatin tarayya ta karɓa. Gwamnatin lardin, ƙarƙashin François Legault, ta ƙi amincewa da ita, saboda takardar ta ce wariyar tana cikin tsarin kansa. Legault ya nemi gafarar iyalin, ya yarda akwai masu wariya, amma ya ce tsarin Kebek ba na wariya ba ne. Alhali shekara guda kafin mutuwar Joyce, hukumar bincike ta alƙali Jacques Viens, wadda lardin da kansa ya kafa, ta riga ta ce 'yan asali na fuskantar bambanci da ya samo tushe daga tsarin ayyukan gwamnati. Shawarar farko a rahoton Kamel ma ita ce gwamnati ta amsa wannan.

Ni a nan ina tare da mutanen Manawan, kuma ga dalilina. Akwai wani yaro, Jordan River Anderson, ɗan ƙabilar Cree daga Norway House a Manitoba. An haife shi a 1999 da lalura mai wuya. Da ya kai shekara biyu likitoci suka ce zai iya barin asibiti ya zauna a gida na musamman. Sai gwamnatin tarayya da ta lardi suka shiga gardamar wa zai biya, saboda shi ɗan asali ne, kuma dokokin ƙasar sun raba alhakin lafiyar 'yan asali tsakanin gwamnatocin biyu. Suna wannan gardama har ya rasu a asibiti a 2005, yana da shekara biyar, bai taɓa kwana a gida irin na iyali ba. Da ɗan Bature ne, lardi zai biya ba tare da wata magana ba. A labarin Jordan babu nas mai baƙin baki da za a kora. Kowa ya bi doka. In ba a yarda cewa tsari na iya yin wariya ba, to da wane suna za a kira abin da ya same shi? A 2007 majalisar dokokin Kanada ta amince da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa, cewa a fara yi wa yaro abin da yake buƙata, gwamnatoci su yi lissafinsu daga baya, ko da yake sai da aka yi shekaru ana shari'a kafin a tilasta aiki da ita sosai.

A watan Satumba 2024 ƙungiyar likitocin Kanada ta fito bainar jama'a a birnin Biktoriya ta nemi gafarar 'yan asali a kan rawar da likitoci suka taka a duk wannan tarihi. A ƙarshen shekarar kuma majalisar Kebek ta zartar da dokar amincin al'ada a asibitocin lardin. Ofishin da Atikamekw suka kafa don kare Ƙa'idar Joyce bai goyi bayan dokar ba. Sun ce an rubuta ta ba tare da an zauna da su yadda ya kamata ba, kuma har yanzu ba ta ambaci wariyar da ke cikin tsari ba.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau.  Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.